Yanda zaka auna riba da asarar zuwa sararin samaniya kafin ka yanke hukunci

Duk sanda labari ya fito cewa wata ƙasa ta harba kumbo zuwa wata ko duniyar Mars sai kaga mutane sun rabu gida biyu, wasu suna ta jinjina suna cewa ilimi ya kai inda ya kai, wasu kuma ransu a ɓace suna cewa wannan ai almubazzaranci ne, ga mutane na kwana da yunwa ga asibitoci babu magani amma an kwashi biliyoyi an cilla sama. Ni a ganina kowanne ɓangare yana da gaskiya a wani wuri, inda ake samun matsala shine ana haɗa ayyuka daban daban a kira su da suna ɗaya a yanke musu hukunci ɗaya. Akwai hanyar da mutum zai bi ya auna kowanne aiki da kansa ba sai ya zama injiniya ba, kuma ya kamata mu iya, domin ƙasashenmu ma suna kashe kuɗin jama'a a wannan harka.

Fara da rarrabewa

Abu na farko da zaka yi idan kaji labarin wani aikin sararin samaniya shine ka tambayi kanka wane iri ne. Akwai tauraron ɗan adam wanda yake zagaya duniya yana yi wa mutanen ƙasa aiki, na hasashen yanayi, na sadarwa, na ɗaukar hoton gonaki da koguna, na nuna hanya irin GPS. Akwai na'urorin da ake turawa can nesa ba mutum a ciki don binciken ilimi zalla, irin motocin da ke yawo a Mars ko madubin hangen nesa na James Webb. Akwai tura 'yan sama jannati, wanda shine mafi tsada da haɗari. Sannan akwai na soja da leƙen asiri wanda yawanci ba a ma bayyana kuɗinsa. Wanda ya kare zuwa wata da hujjar cewa ai GPS na da amfani ya yi maka wayo, haka ma wanda ya soki tauraron hasashen ruwan sama da hujjar tsadar zuwa wata bai yi adalci ba. Don haka kada ka yarda a ja ka muhawara sai an faɗi wane ake nufi.

Nemo kuɗin, sannan ka ajiye shi kusa da wani abu

Lamba ita kaɗai bata faɗin komai. Idan aka ce maka NASA, hukumar sararin samaniya ta Amurka, tana samun kusan dala biliyan 25 a shekara zaka ji kamar duniya ce aka kwashe, amma idan ka duba kasafin kuɗin gwamnatin Amurka gaba ɗaya wannan bai kai rabin kashi 1 cikin 100 ba, kuma ma'aikatar tsaronsu tana cin sama da dala biliyan 800 a shekara. To kaga wanda yake neman kuɗin ciyar da talakawa a Amurka, ba a aljihun NASA mafi yawan kuɗin yake ba. Amma fa ba kullum haka abin yake ba, a 1966 lokacin da ake tsere da Tarayyar Sobiyet, NASA ta ci sama da kashi 4 cikin 100 na kasafin ƙasar, kuma shirin Apollo duka ya laƙume kusan dala biliyan 25 na kuɗin wancan zamanin, wanda a kuɗin yau ya ninka sau da yawa. A lokacin ƙorafin mutane yana da ƙarfi sosai. A Yulin 1969 ana gab da harba Apollo 11, Ralph Abernathy, wanda ya gaji Martin Luther King a jagorancin ƙungiyarsu, ya jagoranci talakawa da kekunan alfadarai har ƙofar wurin harbawa a Florida don nuna cewa ƙasar da zata iya kai mutum wata bata da uzurin barin 'ya'yanta da yunwa, kuma shugaban NASA na lokacin Thomas Paine ya fito ya saurare su. Wannan ƙorafi ba na jahilai bane, na mutanen da suka san abin da suke faɗa ne.

Saboda haka ka riƙa lissafin kashi nawa ne cikin kasafin ƙasar da ta kashe kuɗin, ba yawan sifilin da ke jikin lambar ba. Dala miliyan 300 a wurin Amurka ba komai bane, a wurin Nijar ko Chadi kuwa kuɗi ne da zai gina asibitoci masu yawa, don haka aiki ɗaya zai iya zama daidai a wata ƙasa ya zama ganganci a wata.

Sai kuma ka kula da bambanci tsakanin kuɗin da aka faɗa ranar sanarwa da wanda aka kashe a ƙarshe, wannan wurin ne ake yawan yaudarar jama'a. Madubin James Webb da farko an yi hasashen bazai wuce dala biliyan 1 ba kuma za a harba shi wajajen 2007, amma sai 25 ga Disambar 2021 ya tashi daga Kourou a Kudancin Amurka bayan ya ci kusan dala biliyan 10. Sabuwar rokar NASA ta komawa wata kuwa, mai binciken kuɗi na hukumar da kansa ya ƙiyasta cewa kowanne harbi ɗaya na shirin Artemis, idan aka haɗa roka da kumbon Orion da kayan ƙasa, zai kai dala biliyan 4.1. A ɗaya gefen ga Indiya, ta kai kumbonta Mangalyaan zagayen Mars a 2014 da kusan dala miliyan 74, ta kuma sauke Chandrayaan-3 kusa da kudancin wata a 23 ga Agustan 2023 da kuɗi kwatankwacin haka. Gaskiya kayan Indiya ƙanana ne basu ɗauki na'urori masu yawa kamar na Amurka ba, kuma albashin injiniya a can bai kai na Amurka ba, amma duk da haka ya nuna cewa tsada ba dole bace ko yaushe. Farashin kai kaya sama ma ya faɗi warwas, a zamanin kumbon Space Shuttle kilo ɗaya yana cin sama da dala 50,000, yanzu da rokar Falcon 9 ta kamfanin SpaceX wadda ƙasanta ke dawowa ta sauka a sake amfani da ita, kilo ɗaya yana cin 'yan dubban daloli kaɗan. In kana karanta tsohon rubutu kan tsadar sararin samaniya ka tuna da wannan.

Wata hujja da zaka yawan ji ita ce wai ai kuɗin ba a sama ake kashe su ba, a ƙasa ake biyan ma'aikata da masana'antu. Haka ne, amma kada ta ruɗe ka, ko titi aka gina ko makaranta a ƙasa ake biyan ma'aikata. Tambayar da ta fi ita ce, a wace ƙasa aka biya su. Idan ƙasarku ta sayi tauraro daga waje, aka ƙera shi a waje aka harba shi a waje, to ayyukan yin da ake magana na wasu ne.

Bi amfanin har ka ga ya taɓa mutum

Nan ne ya kamata ka fi daɗewa. Tauraro yana sama yana ɗaukar hoto ba shine amfani ba, amfani shine sanda bayanin ya sauko ya isa hannun wanda zai yi aiki da shi a kan lokaci. Misalin da ya fi burge ni shine jihar Odisha a gabashin Indiya. A 1999 wata mahaukaciyar guguwar teku ta afka musu ta kashe kusan mutum 10,000. A 2013 wata mai suna Phailin ta nufo wurin da ƙarfi sosai ita ma, amma wannan karon masu hasashen yanayi sun bi ta da tauraro kwanaki kafin ta iso, an kwashe kusan mutum miliyan 1 daga bakin teku, waɗanda suka mutu basu kai 50 ba. Sai dai ka lura da kyau, ba tauraron kaɗai ya ceci mutanen ba, bayan 1999 jihar ta gina matsugunan tsira, ta horar da 'yan sa kai, ta tsara yanda gargaɗi zai kai ƙauye ƙauye. Da babu wannan shiri na ƙasa da hoton guguwar kawai za a samu mai kyau, mutane kuma su mutu.

Mu ma a yankinmu akwai irin wannan. Cibiyar AGRHYMET da ke Yamai an kafa ta a 1974 bayan babban farin da ya halaka mutane da dabbobi a Sahel, kuma tana amfani da hotunan tauraro wajen bin diddigin ruwan sama, tsiron ciyawa a wuraren kiwo, da wuraren da fara ke iya ƙyanƙyashewa. Taurarin Meteosat na Turai suna can kusan kilomita 36,000 a sama, suna tafiya daidai da juyawar duniya don haka kullum Afirka na gabansu, daga irin bayanansu ne hukumomi kamar NiMet, hukumar hasashen yanayi ta Najeriya, ke ƙarfafa hasashensu. To tambayar da zaka yi ita ce, manomin Gumel ko na Tasawa yana jin hasashen farkon damina da harshen da yake fahimta kafin ya zuba irinsa a ƙasa? Idan yana ji ta rediyo ko ta waya ko ta malamin gona, riba ta tabbata. Idan rahoton ya tsaya a taron ƙaddamarwa a otal, to an biya kuɗin sama an kasa biyan na ƙasa, kuma na ƙasan shine mafi arha.

Yaƙi da shan inna wani misali ne da mutane da yawa basu san yana da alaƙa da sama ba. A da masu rigakafi suna aiki da taswirar da aka zana da hannu, ana tsallake rugage da ƙananan ƙauyuka saboda babu su a takarda. Daga wajajen 2012 aka fara amfani da hotunan tauraro wajen zana taswirar mazaɓu a jihohin Arewa, aka gano matsugunan da ba a taɓa kai wa ba, aka kuma riƙa ba tawagogi wayoyi masu GPS don a ga inda suka taka da inda basu taka ba. Ba wannan kaɗai ya yi aikin ba, sarakuna da malamai da mata masu bi gida gida su suka ɗauki nauyin, har wasu suka rasa rayukansu a kai, amma taswirar ta toshe wata babbar kafa, kuma a Agustan 2020 aka ayyana Afirka ta rabu da ƙwayar shan inna ta daji.

Haka tafkin Chadi, hotunan sama ne suka nuna ƙarara yanda ya janye daga kusan murabba'in kilomita 25,000 a shekarun 1960 zuwa ɗan ƙaramin yanki a shekarun 1980, kuma da su ake bin yanda yake cika da raguwa har yau. GPS ɗin da ke wayarka kuwa, sojan Amurka ne suka gina shi da taurari aƙalla 24 a nisan kusan kilomita 20,000, kai kana amfani da shi kyauta, jiragen sama da na ruwa da masu safiyo duk sun dogara da shi, har netwok ɗin waya da bankuna a wurare da yawa suna saita agogonsu da shi. Akwai kuma tsarin Cospas-Sarsat mai kama kiran neman agaji daga jirgin da ya faɗi ko ya nutse, tun 1982 ya taimaka an ceto sama da mutum 50,000. Duk waɗannan ribar ɓangaren farko ce, ta taurarin da ke kallon ƙasa, kuma ni ban ga mai hankalin da zai musa ta ba.

Tace jerin ƙirƙire ƙirƙiren da ake jinginawa NASA

Masu kare harkar suna son kawo dogon jeri na abubuwan da wai zuwa sama ya haifar, kada ka haɗiye shi duka. Teflon, abin da ake shafa wa tukunya don kada abinci ya kama, kamfanin DuPont ne ya gano shi tun 1938, shekaru 20 kafin a kafa NASA. Velcro, maƙalen nan na takalmin yara, wani injiniya ɗan Suwizalan George de Mestral ne ya ƙirƙiro shi. NASA ta yi amfani da su ne kawai sunan ya bi ta. Amma akwai na gaske, na'urar ɗaukar hoto ta CMOS da ke cikin kyamarar kusan kowace waya a yau, Eric Fossum da abokan aikinsa ne suka inganta ta a ɗakin binciken JPL na NASA a shekarun 1990 saboda suna neman kyamara ƙarama mara cin wuta da za a ɗora wa kumbo. Soson katifa mai bin siffar jiki shi ma daga binciken NASA na kujerun jirgi ya fito a shekarun 1960. Yanda zaka tace shine ka tambaya, abin nan an same shi ne saboda matsalar da sai a sama ake fuskantarta, ko dama yana nan aka ɗauka aka yi amfani da shi? Sannan ka ƙara da cewa, da an zuba kuɗin kai tsaye a binciken wannan abu ba tare da an bi ta roka ba, da ba a same shi da arha ba? Wani lokaci amsar eh ce. Irin wannan riba ƙari ce, ba ita ce zata biya kuɗin shiri gaba ɗaya ba.

Lissafa asarar da ba ta kuɗi ba

Rayuka na farko. A Janairun 1967 wuta ta tashi a kumbon Apollo 1 yana ƙasa ana gwaji, mutum 3 suka mutu. A 1971 'yan sama jannatin Sobiyet 3 sun mutu a Soyuz 11 suna hanyar dawowa saboda iska ta zurare daga kumbon. Kumbon Amurka Challenger ya tarwatse daƙiƙa 73 bayan tashi a 28 ga Janairun 1986 da mutum 7 ciki har da malamar makaranta Christa McAuliffe, yara suna kallo a talabijin, kuma injiniyoyi sun yi gargaɗi tun daren jajibiri cewa sanyi zai iya lalata robar da ke toshe mahaɗar rokar amma aka ƙi ji. Kumbon Columbia shi ma ya wargaje a 1 ga Fabrairun 2003 da wasu 7. A shekarar dai a Alcântara ta Brazil roka ta fashe a wurin harbawa ta kashe ma'aikata 21. Su 'yan sama jannati sun san haɗarin sun amince, wannan zaɓinsu ne, amma akwai waɗanda ba a tambaye su ba kuma su ne ya kamata ka fi sa wa ido.

Don gina wancan sansani na Alcântara a shekarun 1980 an tashi iyalai sama da 300, jikokin bayin da aka kai Brazil daga Afirka, daga ƙauyukansu na bakin teku inda suke kamun kifi aka mayar da su cikin tudu. A Kazakhstan da tsaunukan Altai, ɓangarorin rokokin da ake harbawa daga sansanin Baikonur sun shafe shekaru suna faɗowa a wuraren kiwo, wasu da ragowar mai mai guba a ciki. A 1978 tauraron Sobiyet Kosmos 954 mai ɗauke da injin nukiliya ya tarwatse a arewacin Kanada ya watsa tarkace mai guba, Sobiyet ta biya diyyar dalar Kanada miliyan 3. A Mayun 2020 tarkacen rokar China ya faɗo a ƙauyukan Kodebuwa, a ƙarshen Disambar 2024 kuma wani zoben ƙarfe mai nauyin kusan kilo 500 ya faɗo a ƙauyen Mukuku na Kenya. Akwai yarjejeniyar 1972 da ta ce ƙasar da ta harba abu ita ke da alhakin ɓarnar da ya yi a ƙasa, amma ƙasa ce ke neman diyya daga ƙasa, ba manomin da abin ya faɗo wa ba, to idan gwamnatinsa bata tashi ba shikenan.

Sai shara a can sama. Abin da ke zagaya duniya a kusa yana gudun kusan kilomita 28,000 a awa, a wannan gudun ko ƙusa ɗaya zata iya huda kumbo. A 2007 China ta harbe tsohon tauraronta da makami don gwaji ta bar tarkace sama da 3,000 da ake iya bibiya, a 2009 tauraron Iridium na Amurka ya yi karo da wani mataccen tauraron Rasha, a Nuwamban 2021 Rasha ta yi nata gwajin har sai da mutanen da ke tashar sararin samaniya ta ƙasa da ƙasa suka shige kumbunansu na tsira. Yanzu ga dubban taurarin Starlink na kamfanin SpaceX an jera, suna kawo intanet ƙauyukan da waya bata kai ba, Najeriya ce ma ƙasar Afirka ta farko da suka fara aiki a Janairun 2023, amma suna ƙara cunkoso kuma masu nazarin taurari suna kuka da haskensu. Ƙasashen da basu harba komai ba tukuna su ne zasu zo su tarar an cika wurin.

Kada kuma ka manta da asalin abin. Rokar Sobiyet da ta kai Sputnik, tauraron ɗan adam na farko, sama a 4 ga Oktoban 1957 an ƙera ta ne don ɗaukar bam ɗin nukiliya. Wernher von Braun da ya jagoranci ƙera rokar Saturn V ta zuwa wata shine ya yi wa Hitler rokar V-2, wadda fursunoni suka ƙera a ramukan ƙarƙashin ƙasa dubbai suka mutu a wurin aikin. Duk ƙasar da ta iya kai tauraro sama ta kusa iya kai makami wata nahiya, shi ya sa gwamnatoci ke son harkar ko da basu faɗa ba.

Tambayi ko akwai hanya mafi sauƙi

Wannan matakin ya fi shafar mu. Najeriya ta kafa hukumarta ta sararin samaniya NASRDA a 1999, a Satumban 2003 aka harba NigeriaSat-1 daga Plesetsk a Rasha, kamfanin Surrey na Ingila ne ya ƙera shi kan kusan dala miliyan 13, ya shiga rukunin taurari masu sa ido kan bala'o'i har ya ɗauki hotunan ɓarnar guguwar Katrina a Amurka a 2005, kuma ya yi aiki fiye da shekarun da aka ɗiba masa. A Mayun 2007 aka harba NigComSat-1 na sadarwa daga China da kuɗin da ya kai ɗaruruwan miliyoyin dala, a Nuwamban 2008 fukafukansa masu tara hasken rana suka samu matsala ya mutu, sai a Disambar 2011 aka harba madadinsa NigComSat-1R. A Agustan 2011 kuma aka harba NigeriaSat-2 da NigeriaSat-X, shi X ɗin injiniyoyin Najeriya da aka horar a Surrey ne suka haɗa shi da hannunsu.

To yanda zaka auna irin wannan, ka fara da tambayar ko bayanin da ake nema ana samunsa kyauta. Hotunan Landsat na Amurka, wanda ke ɗaukar duniya tun 1972, an mayar da su kyauta a 2008. Na Sentinel na Tarayyar Turai su ma kyauta ne, Sentinel-2 yana dawowa kan wuri ɗaya kusan duk kwana 5, Sentinel-1 kuma da rada yake aiki don haka gajimare baya hana shi ganin ambaliya a tsakiyar damina. Idan ƙasa bata gama cin moriyar na kyauta ba, ta rasa mutanen da zasu fassara hoton su ce ga inda ruwa zai ci ga inda hamada ke matsowa, to sayen sabon tauraro ba shine na gaba a layi ba, horar da mutane da sayen kwamfutoci da tabbatar da wuta a ofishinsu shine. Kamar mutum ne ya ci bashi ya haƙa rijiya alhali ga famfo a ƙofar gidansa bashi da bokitin ɗiba. Akwai dalilai na gaske na mallakar naka, misali tsaro, inda baka so ka roƙi wani hoton dajinka ko ya san inda kake kallo, amma sai a faɗi dalilin a fili a kuma nuna cewa jami'an tsaro suna karɓar hoton da sauri suna aiki da shi.

Ka kuma tambayi shekara nawa aka ƙera tauraron ya yi, domin duk tauraro yana da wa'adi, NigeriaSat-2 na shekara 7 aka tsara shi, NigComSat-1R na 15, kuma dole a fara tanadin magaji tun kafin wa'adin ya cika. Ka tambayi ko an yi masa inshora, su waye kwastomominsa, ko ma'aikatun gwamnati da kansu suna amfani da shi ko suna biyan kamfanonin waje, sannan injiniyoyin da aka kashe kuɗi aka horar suna nan suna aiki ko sun bar ƙasar saboda babu abin yi. Ni a wurina wannan ta ƙarshen ita ce ma'auni mafi girma ga ƙasa mai tasowa. Ɗaliban jami'ar All Nations a Ghana da na jami'ar fasaha ta Akure sun haɗa ƙananan taurari masu girman tafin hannu biyu a wani shiri na Japan aka sake su a 2017, kuɗin kaɗan ne in aka kwatanta, kuma abin da ya rage bayan taurarin sun ƙone shine mutanen da suka koyi aikin.

Abin da ba ya shiga sikeli

Akwai ɓangaren da ba zaka iya yi masa lissafin naira da kwabo ba, wato ilimi don ilimi. James Webb yana can kilomita miliyan 1.5 daga nan yana hango hasken da ya taso tun farkon halittar taurari, wannan bazai sauke farashin masara ba, kuma ni na fi son masu kare shi su faɗi haka kai tsaye maimakon ƙirƙiro masa riba. Sanin yanda halitta take abu ne mai daraja a kansa, magabatanmu ma sun yi ilimin falaki sun rubuta littattafai a kai a Timbuktu da Katsina ba don ciniki ba. Wani lokacin kuma ilimin yana juyewa ya zama kariya, a Fabrairun 2013 wani dutse ya fashe a saman birnin Chelyabinsk na Rasha ya raunata kusan mutum 1,500, yawanci da gilashin tagogi, babu wanda ya hango shi. A Satumban 2022 NASA ta buga kumbon DART da gangan a jikin wani dutse mai suna Dimorphos ta sauya masa zagaye da kusan minti 32, kan kuɗin da bai kai dala miliyan 400 ba, karo na farko kenan da ɗan adam ya gwada kautar da dutsen sama ya kuma yi nasara. Wannan ni na sa shi a layin riba ba tare da shakka ba.

Inda nake da ja shine tura mutane. Tashar ƙasa da ƙasa ta ci sama da dala biliyan 100, mutane na zaune cikinta tun Nuwamban 2000, an koyi abubuwa kan yanda ƙashi da tsoka ke zaizayewa idan babu nauyi da yanda ake tace ruwa a sake sha, amma idan ka raba ilimin da kuɗin zaka ga na'urori marasa mutum sun fi kawo sakamako nesa ba kusa ba. Motar Opportunity an tura ta Mars don ta yi kwana 90 kawai sai ta yi sama da shekara 14 tana aiki, bata buƙatar iska ko abinci ko hanyar dawowa. Mafi yawan dalilin tura mutum martabar ƙasa ce da gasa, da Amurka da Sobiyet, yanzu Amurka da China, kuma idan ƙasa mai arziki ta zaɓi ta sayi martaba da kuɗinta sai 'yan ƙasar su yi mata hisabi, amma ka kira abin da sunansa lokacin da kake aunawa.

Gwada da idonka

Kafin ka shiga muhawara ta gaba, ɗauki waya ko kwamfuta mai data ka buɗe Google Earth, akwai wurin da yake nuna tsofaffin hotuna har zuwa 1984, ka nemo garinku ka ja shekarun baya ka ga yanda gidaje suka cinye gonaki ko yanda fadama ta ƙafe. Shafin Worldview na NASA yana nuna hoton kusan kowace rana kyauta, a lokacin hunturu zaka ga ƙurar da ke tasowa daga kwarin Bodele na Chadi tana nufo mu, zaka kuma iya kunna alamar wuraren da ake ƙona daji. Idan kana da ɗan haƙurin koyo ka yi rajista a Copernicus Browser ka saka ranakun Satumban 2024 a kan Maiduguri, ka kwatanta kafin da bayan ɓallewar madatsar Alau, ko dausayin Haɗeja da Nguru a damina da rani. Daga nan sai ka ɗauki abin da ka gani ka je sakatariyar ƙaramar hukumarku ko wurin malamin gona ka tambaye su ko suna amfani da irin wannan wajen raba filaye da gargaɗin ambaliya, in sun ce a'a ka tambayi me ya hana, wuta ce, kwamfuta ce, ko rashin wanda aka koya wa.